Kuɗin da suka fita bayan mun kira banki, wa zai biya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a jaridar nan tamu in kai kukana game da wani banki da ke da reshe a cikin garin Sakkwato. Ba zan kama sunansa ba, don maganar tana gaban hukuma. Abin da nake so masu karatu su riƙe shi ne, idan aka sace wa mutum katin ATM, akwai kuɗin da ɓarawo ya cira kafin banki ya ji labari, akwai kuma waɗanda ya cira bayan an sanar da banki. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Amma bankunanmu sun saba haɗa su wuri guda su ce "ai da lambar sirrinka aka cira", daga nan sai a nuna maka ƙofa.

Katin na yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni malamin makaranta ne, shi kuwa fataucin albasa yake yi tun ina ɗan firamare. Yana saye a hannun manoma a wajajen Kware da Wurno da Goronyo, ya loda wa babbar mota zuwa Kudu. Bai yi boko ba, amma ya sauke Alƙur'ani, kuma lissafin buhu ɗari uku da kuɗin mota da la'adar dillali da ka yake yin sa kafin in gama laluben biro. Shekara da shekaru kuɗinsa a lalita suke yawo. Abu biyu suka tura shi banki: halin da hanyoyin gabashin jihar nan suka shiga, wanda ba sai na yi wa kowa bayani ba, da kuma wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 lokacin canjin Naira. Tun daga nan masu sayen kayansa a Legas ta asusu suke turo masa, shi kuma ya sallami manoma da 'yan dako ta hannun masu POS. Hukuma ce ta ce a daina yawo da tsabar kuɗi, ya ji ya bi.

Wata Juma'a cikin watan Maris, ana tsakiyar kakar albasa, ya tsaya wurin wani mai POS a gefen Kasuwar Kara ya ciri abin da zai ba masu lodi. Wanda ya san wurin da yamma ya san cinkoson da ake yi, ga 'yan kabu-kabu ga masu baro ga dabbobi. Kafin ya isa masallaci sallar Magariba an tsage masa aljihun gaba da reza, waya da kati sun tafi tare. Yadda ɓarawon ya san lambar sirri ba wani abin al'ajabi ba ne. A teburin POS na kasuwa mutum yana danna lamba ne alhali idanu biyar na leƙe ta kan kafaɗarsa, kuma masu wannan sana'a ta yankan aljihu tun daga can suke zaɓen wanda za su bi.

Bai tsaya ko'ina ba sai gidana. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, an yanke min aljihu. Kira mutanen ga su ruhe abin ga tun ba a kwashe ba."

Na fara da gajeriyar lambar da bankin yake tallatawa ta toshe asusu daga kowace waya. Sai ta nemi lambar sirrin tura kuɗi ta waya, abin da Yaya bai taɓa yi wa rajista ba, shi kati kawai ya sani. Sai na kira layin bankin. Wayata har yau tana riƙe da shaidar kiran: ƙarfe 7:40 na dare. Na'ura ta ce mai son Hausa ya danna kaza, na danna, aka bar mu da kiɗa, aka maido mu Turanci, katin waya na ta ƙonewa. Can wata baiwar Allah ta ɗauka. Na yi mata bayani, ta ce sai mai asusun da kansa, na ce ga shi amma ba ya jin Turanci, ta yarda in yi tafinta. Lambar asusu ya kawo ta da ka. Suna ya faɗa. Adadin kuɗin da ya cira na ƙarshe ya faɗa, ta ce daidai. Sai ta tambayi ranar haihuwar da ke kan BVN ɗinsa.

Yaya ya dube ni ya ce, "Inna ta ce shekarar da anka kashe Murtala." Na ce mata 1976. Ta ce tana son rana da wata, kuma shekarar ma ba ita ce a gabanta ba. Edita, kai ma ka san yadda aka yi rajistar BVN a 2015, ana tururuwa kafin wa'adi ya cika. Mutumin ƙauye ya zo ba takardar haihuwa, yaron da ke kan kwamfuta ya dubi gemunsa ya ƙiyasta shekara, ya rubuta 1 ga Janairu, a wuce. Daga baya mun gano irin haka aka yi wa Yaya lokacin da ya yi tasa rajistar, har an ƙara masa shekara biyu. Ba shi ya zaɓi ranar ba, ba a kuma taɓa gaya masa cewa wata rana dukiyarsa za ta rataya a kanta ba.

Matar ta ce tunda bai ci tambayoyin ba, ba za ta iya taɓa asusun ba, ya je reshe ranar Litinin. Na roƙe ta da girman Allah. Na ce ba mu nemi ta gaya mana nawa ke ciki ba, ba mu nemi a matsar da ko sisi ba, a dakatar da katin kawai, in ya so ranar Litinin in ƙarya muke yi a buɗe a ci mu tara. Ta ce na'ura ba za ta bar ta ba. Na nemi lambar shaidar ƙorafi, ta ce babu, tunda ba a buɗe ƙorafi ba. Ban riƙe ta a zuciya ba, abin da aka rubuta mata take karantawa. Da waɗanda suka rubuta nake.

Ranar Litinin da aka buga mana takardar bayanin asusu, ga abin da muka gani. Tsakanin 7:05 da 7:15 na daren Juma'a an ciri Naira 20,000 sau uku a ATM, Naira 60,000 ke nan. Wannan kafin mu kira ne, kuma tun a wasiƙarmu ta farko mun ce mun yafe wa banki su, ƙaddara ce ta faɗa. Daga 9:30 na wannan dare kuwa har yammacin Lahadi, an yi ta zarar kuɗi ta na'urorin POS daban-daban, wani Naira 95,000, wani 150,000, wani 200,000 da ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna na dare, jimla Naira 870,000. Awa biyu ba kaɗan bayan mun gaya wa banki da bakinmu cewa katin yana hannun ɓarawo, sannan aka fara wannan ɗiba. Saƙonnin alat duk suna shiga wayar da ke aljihun ɓarawon, kuma a ƙarshen wata an cire wa Yaya kuɗin kowane saƙo. Wannan na ƙarshe ba yawansa ba ne ya dame ni.

Kuɗin nan ba riba ba ce da ke kwance. Mafi yawansu na manoma ne da suka ba shi kaya a kan amana sai mota ta sauke a Legas. Mutumin da ya yi wata huɗu yana ban ruwa a fadama, ya ci bashin taki da man injin, ba ya jin wani yare wai shi banki na bincike. Yaya ya sayar da bijimai biyu da yake turke don kasuwar Layya, a farashin da mahauta suka ga dama, ya biya mutane. Ya ce gara ya rasa shanu da a ce a Wurno ya ci kuɗin wani. Kakar bana dai a zaune ya ƙarasa ta, ba jari.

Abin da aka ce mu kawo duk mun kawo: rahoton 'yan sanda, takardar rantsuwa daga kotu, fom na ƙorafi, an dawo masa da layinsa da lambar NIN. Ma'aikatan reshe ba su yi mana rashin kunya ba, kullum "Sai haƙuri, Alhaji, Legas muke jira." Na lura cewa manajan reshe a garin nan, duk da ofis mai sanyi da direba, ba shi da ikon maido wa mutum Naira ɗaya. Shi ma saƙo yake turawa ya zauna jira kamar mu.

Amsar hedikwata da ta zo layi shida ce da Turanci. Ta ce an binciki ƙorafin, an ga duk cirar da katin asali da lambar sirri daidai aka yi ta, kuma kiyaye lambar sirri nauyin mai kati ne. Sannan ta ƙara da cewa kiran da aka yi ranar Juma'a ba a ɗauke shi a matsayin umurnin rufe kati ba, domin mai kiran ya kasa tabbatar da cewa shi ne mai asusun. Wannan jimla ta biyu ita na fi murna da ita a duk wasiƙar, don sun amsa da alƙalaminsu cewa an kira, kuma sun san abin da aka kira a kansa.

To a nan ne nake jayayya da su, kuma ba da son zuciya ba, da ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya shimfiɗa musu. Tun a 2015 ya umurci kowane banki ya kafa tebur na musamman na karɓar rahoton zamba, da layukan waya aƙalla 10 masu aiki dare da rana, kuma cikin ayyukan teburin akwai toshe asusu ko hana fitar kuɗi da zarar an samu ƙorafin zamba, da rubuta kowane rahoto da ya shigo. Ƙa'idojin hanyoyin biyan kuɗi na zamani, na 2016 da waɗanda aka sabunta a 2020, sun ce dole bankin da ya ba da kati ya samar da hanyar da mai kati zai sanar da ɓata ko sata a kowane lokaci, dare ko rana, kuma ya ɗauki duk matakin da ya kamata don hana ci gaba da amfani da katin. Gaskiya ne ƙa'idojin sun ɗora wa mai kati alhakin abin da ya biyo bayan sakaci da lambar sirrinsa, kuma wannan sashe shi bankuna suka haddace kamar Fatiha. Amma wancan sashen ma a cikin takarda ɗaya yake.

Ban ce kada a tantance mai kira ba. In wani ya kira ya ce a tura kuɗi, ko a canza lambar wayar da ke kan asusu, a yi masa tambaya ɗari ma bai yi yawa ba, domin in aka yi kuskure dukiya ta tafi. Amma wanda ya kira ya ce a rufe, me ake tsoro? Mu ɗauka maƙiyi ne ya kira don ya ɓata wa mai asusu rai. Iyakar ɓarnar ita ce kati ya ƙi aiki kwana biyu, mai shi ya je reshe a buɗe masa. A ɗaya ɓangaren kuwa ga Naira 870,000. Duk wanda ya auna waɗannan biyu ya zaɓi barin kati a buɗe, ba mai asusu yake karewa ba. Balle mutum ya kawo lambar asusu, ya kawo suna, ya kawo adadin cirar ƙarshe, ya faɗi a kan tambaya ɗaya tak, wadda ma'aikacin banki ne ya ƙirƙiri amsarta.

A karatun zaure an koya mana cewa wanda aka ba ajiya, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya ranko. In kuwa aka gargaɗe shi cewa ga ɓarawo nan tafe ya ƙi rufe ƙofa, ya yi sakaci, sai ya biya. Banki ma ai ya wuce mai ajiya, tunda juya kuɗin yake yi yana cin riba, ga Naira 50 ta kula da kati duk wata uku da aka tsayar a 2020, ga kuɗin alat, ga Naira 100 a kan kowace 20,000 in ka cira a ATM ɗin wani banki tun Maris 2025. Mai karɓar ladan tsaro bai kamata a ce shi ne na farkon ɗaga hannu ya ce ba ruwansa ba.

Sai maganar na'urorin POS da aka zari kuɗin ta cikinsu. Ba aljanu ke riƙe da su ba. Kowace na'ura tana da lamba, tana da asusun da kuɗi ke faɗawa, asusun yana da BVN. A 2024 an tilasta wa masu POS yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, an ce don a magance irin wannan. A watan Disamba na shekarar Babban Banki ya ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai karɓi tsabar kuɗi fiye da Naira 100,000 a rana ta hannun masu POS ba, ko 500,000 a mako. To ɗayan biyu ne. In tsabar kuɗi aka ba ɓarawon, an keta wannan iyaka, kuma na'urorin banki sun gani sun bari. In kuma an rubuta shi a matsayin sayayya ne, sai a gaya mana wane shago ne a buɗe da ƙarfe ɗayan dare yana sayar da kayan Naira 200,000. Mutumin da tun da ya buɗe asusu bai taɓa amfani da kati bayan Isha'i ba, rana ɗaya katinsa ya kama zagaye cikin dare, babu wata ƙararrawa da ta kaɗa. Na rubuta na nemi sunayen masu na'urorin, aka ce sirrin abokan hulɗa ne, sai da umurnin kotu ko takardar 'yan sanda. Na nemi a duba hoton kyamarar ATM ɗin da aka ciri 60,000 na farko, tunda doka ce kowace ATM ta kasance da kyamara mai ɗaukar mai cira, aka ce na wani banki ne, za a rubuta musu. Na nemi a saurari faifan kiranmu, wanda na'urarsu da kanta ta sanar cewa ana naɗa, har yau shiru.

Wannan shirun yana da gindin zama a doka, kuma nan nake so wakilanmu su saurara. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 19, ta ce wajibi ne bankuna su tanadi matakan hana zamba, amma ta ƙara da cewa in an samu ɓaraka, mai asusu ne zai tabbatar da sakacin banki. Da me zai tabbatar? Faifan kira na wurinsu, hoton kyamara na wurinsu, bayanan POS na wurinsu. An ce da mai albasa ya kawo hujja, an kulle hujjar a ɗakin wanda yake ƙara. Jihar nan tana da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 11. Ko ɗaya daga cikinsu ya tashi ya nemi a gyara wannan sashe, yadda in mai asusu ya nuna lokacin da ya kai rahoto, nauyin kawo hujja zai koma kan banki, ya yi wa 'yan kasuwar mazaɓarsa aikin da ya fi rabon buhun shinkafa.

Kada a ɗauka matsalar gidanmu ce kaɗai. Jihar Sakkwato ƙananan hukumomi 23 gare ta, kuma a da yawa daga cikinsu sai mutum ya yi doguwar tafiya kafin ya ga reshen banki. Yaya ya yi sa'a yana cikin gari, yana da ƙane mai jin Turanci da waya mai kati. Wanda abin ya samu a kasuwar Achida ko Illela da yammacin Juma'a fa? "Je ka reshe ranar Litinin" a wurinsa daidai yake da a ce masa ya yi bankwana da kuɗin. Ɓarayin sun san haka sarai, shi ya sa Juma'a da jajibirin hutun Sallah suke fi ƙwazo.

Da yawa daga cikin waɗanda na tarar a reshe da irin wannan kuka, da an ce musu "da lambar sirrinka aka cira" sai su ce Allah ya isa su tafi. Haƙuri ibada ne, amma neman haƙƙi bai saɓa masa ba, kuma akwai hanya. Ka kai ƙorafinka a rubuce, ka sa a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka, ka matsa a ba ka lambar bin sawun ƙorafi, don ba a sauraronka a sama sai da ita. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, ko aka ba ka amsar da ba ka gamsu da ita ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, kuma ba sai ka je Abuja ba, reshensu na nan Sakkwato yana karɓar takarda. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma tana da ofis a jihar nan, ba ta karɓar ko kwabo. Kada kuma ka goge tarihin kiran da ke wayarka, ka ɗauki hotonsa ka ajiye a wani wuri. Mu dai shi ne babban abin da muka dogara da shi.

Namu yanzu yana Babban Banki, da kwafin wasiƙar bankin da hoton kiran 7:40 da takardar bayanin asusu da na ja wa layi da jan biro a inda kiran ya faɗo. Yaya, da yake mutum ne mai kawaici, ya so a bar wa Allah. Na ce masa, "Yaya, ka bar min wannan, takarda ce, aikina ne." Ya ce in yi, amma kada in zagi kowa, kuma ina fata ban saɓa ba.

Abin da muke nema a wurin bankin bai da yawa. A fito da faifan kiran a saurare shi a gaban hukuma. A miƙa wa 'yan sanda bayanan masu na'urorin POS da suka karɓi kuɗin, don a san ko da haɗin bakinsu ko su ma an yaudare su. A maido Naira 870,000 da suka fita bayan an sanar da su. Sannan a gyara umurnin da ake ba masu ɗaukar waya, ya zama duk wanda ya kira ya ce an sace kati, a fara dakatar da katin tukuna, tambayar ranar haihuwa ta biyo baya, kuma a sa mai jin Hausa a kan layin da aka ce na Hausa ne.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.